Aron Labari Ba Sata Ba Ne

Da Akira Toriyama ya rasu a 2024, magidanta da dama a Yamai da Maraɗi sun yi jimami kamar a gidansu aka yi rashin. Su ne yaran da suka tashi da Dragon Ball da Olive et Tom, waɗanda suka iso musu da muryar Faransanci ta tele da kaset. Wasunsu yau malamai ne, kuma su ne ke murtuke fuska in ɗalibi ya kawo labarin da ya ƙaga bisa jaruman Naruto ko na wasan PlayStation. Wai kwaikwayo ne, ba adabi ba.

To, Toriyama kansa aro ya yi: Son Goku na 1984 jikan Sun Wukong ne, sarkin birai na wani littafin Sin na ƙarni na 16. Abubakar Imam kuwa, a Magana Jari Ce ta 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus, ya naɗa musu rawani har ba a gane baƙi ne. Littafin nan ne kuma ake nuna wa ɗalibai a matsayin gwanintar Hausa.

Aibin rubutun yaran daban ne. Jaruminsu ba ya jin ƙishirwa, bai san hunturu ba, ba shi da gwaggo. Faɗa kawai, babi bayan babi, cikin Faransancin fassara. Maimakon jan alƙalami, malam ya tambayi yaron: in jarumin nan ya sauka tashar Damagaram, me zai ci, wa zai gaida, kuma da wane harshe?