Rinin da aka yi tun a gashi

Idan Turawan Ingila suka so su kwatanta mutumin da aƙidarsa ta ratsa jini, sai su ce "dyed in the wool", wato an rina shi tun yana gashin tumaki. Maganar daga marina ta fito. Gashin da aka tsoma a rini kafin a kaɗa shi zare, launin kan ratsa kowane sili, ba kamar ƙyallen da sai an gama saƙa ake rinawa ba. Masaƙanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba, don da rinannen zare ake saƙa saƙi. Ba mamaki Ingila ta haifi wannan magana, ƙasar da cinikin ulu ya taɓa riƙe arzikinta, har yau shugaban Majalisar Dattawanta a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama. Inda nake ja da su shi ne yadda suke liƙa wa masu zaɓe ita, kamar mun ce hali zanen dutse an rufe magana. Ai uzuri ne na ɗan siyasar da ya gaji da lallashi. Mazaɓar Bolsover ta masu haƙar kwal, wadda kowa ya ɗauka rinin jam'iyyar Leba ba ya fita daga jikinta, ta kayar da ɗan jam'iyyar, Dennis Skinner, a 2019 bayan ya wakilce ta tun 1970. A 2024 kuma ta sake komawa Leba.