Fitilar Gargaɗi Ba Ado Ba Ce

Da yawa daga cikinmu mun saba tuƙi da fitilar gargaɗin inji a kunne. Idan ta dame mu, sai mu je gareji a goge saƙon da na'ura, ko ma a cire ƙwan baki ɗaya. A ganinmu wannan ɗabi'a ce mai tsada, musamman idan abin da fitilar ke faɗa shi ne tururin fetur na sulalewa.

Tun daga shekarar 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tsarin OBD-II, wanda ke sa mota ta binciki kanta, kuma irin waɗannan motoci ne ke cika kasuwanninmu na gwanjo. A cikinsu, tururin da ke tashi daga tanki gwangwanin gawayi ne ke riƙe shi, har lokacin da bawul zai buɗe inji ya ƙona shi. Kwamfutar motar na iya gano huda wadda ba ta kai milimita 1 ba. Lambar P0455 na nufin babban yoyo, P0442 ƙarami, P0456 kuwa ɗan mitsitsi.

Binciken yana da tsari. A fara da murfin tanki, domin sau da yawa robarsa ce ta tsage ko ba a ɗaure shi sosai ba. Sai a bi tiyo-tiyo, waɗanda zafin ƙasarmu ke busarwa, sannan a gwada bawul ɗin da ke kai tururi inji da wanda ke shigar da iska. Idan ido ya gaza, akwai na'urar da ke hura hayaƙi a hankali cikin bututun. Inda ya ɓullo, nan ɓarakar take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu ma masu motoci muna da laifi. Girgiza mota a gidan mai don tanki ya cika maƙil kan tura fetur cikin gwangwanin gawayin, ya lalata shi.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, kowane ɗigo kuɗi ne. Bayan haka, tururin na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma 'ya'yanmu ne ke shaƙarsa a kujerar baya.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha su mayar da wannan bincike darasi na dole. Mai mota kuma, kafin ya yarda a goge saƙon, ya nemi a gaya masa lambar da ma'anarta.