Wasiƙa daga La Guillotière: Kafin a Biya Kuɗin Koci

'Yan'uwa da abokan arziki na Maradi, da na Damagaram, da na Kano. Mu nan Lyon lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara shigowa. Inna, kada ki damu, ina sa rigar sanyin nan da kike ta faɗa.

Wasiƙar yau ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Mutum uku daga cikinku sun yi mini tambaya iri ɗaya a cikin wata guda: wai yaranmu da ke karatu a Faransa sun ce a turo musu kuɗin "koci", shin a tura? Maimakon in amsa wa kowa daban, na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta. Amsata a taƙaice ita ce a dakata tukuna. Ga dalilina.

Da farko, wane ne kocin nan? Ba na ƙwallo ba ne. Mutum ne da za ka biya, ku zauna awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ya yi ta yi maka tambayoyi har ka gane wane aiki ko wane karatu ya dace da kai. Tallarsu ta cika wayoyin yara, a Instagram da TikTok da LinkedIn, kowa da alƙawarin zai "buɗe maka ido". Wanda ya nemi Euro 100 a zama ɗaya, ku lissafa, jika 65 ke nan da 'yan kai a kuɗin sefa, kuma ba a yin zama ɗaya a tsaya. Abin da ya kamata ku sani shi ne, a Faransa babu dokar da ta tsara wannan sana'a. Likita sai da takarda, lauya sai da takarda, amma koci ko ni na tashi gobe na buga kati, na zama. A 2023 hukumar kare masu saye ta ƙasar, DGCCRF, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi wa masu kocin "jin daɗin rai" da masu horar da su, su 165, ta ce kusan kashi 80 cikin 100 ta same su da aibu aƙalla ɗaya, kamar tallar da ke ruɗar mai saye ko takardar shaida marar tushe. Ba duka ne macuta ba, akwai na kirki, na yarda. Amma katin da ke hannun mutum ba ya nuna maka ko wanne ne.

Ba ma tsadar ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da koci ke amsawa ba ita ce tambayar yaranmu ba. An gina sana'ar ne don Bafaranshe mai shekara arba'in da ya gaji da ofis, yana da takardun ƙasa, yana da kuɗin zaman rashin aiki, yana so ya san ko ya koma gasa burodi. Shi idan aka ce masa "bi zuciyarka", ya bi, in bai yi daɗi ba ya dawo. Yaronmu kuwa zamansa a ƙasar nan rataye yake da katin ɗalibi, kuma duk lokacin sabuntawa ofishin préfecture yana duba ko karatun na gaske ne, ko ana ci gaba. Wanda ya yi shekara biyu a lissafi, ya tsallaka zuwa zanen kaya, ya sake tsallakawa zuwa wani abu, yana iya wayar gari an ƙi sabunta masa kati. Kocin da bai san wannan ba zai iya ba shi shawara mai daɗin ji, wadda ƙarshenta tikitin jirgi ne.

Haka sauran ƙa'idojin. Ɗalibin da ya zo daga ƙasashenmu ba ya wuce awa 964 na aiki a shekara. Mai neman gurbin digiri na biyu a jami'o'in nan, tun 2023 ta shafin Mon Master yake nema, kuma ƙofar 'yan makonni take buɗewa tsakanin Fabrairu da Maris. Wanda ya yi ta zaman "neman kansa" har Afrilu, babban zagayen ya wuce shi. Wanda ya gama digiri na biyu, yawancinmu katin wata 12 ake ba mu na neman aiki ko kafa sana'a, ba a sabunta shi. Sannan aikin da za a samu, in ana so a sauya kati cikin sauƙi, ya kamata ya dace da abin da aka karanta, albashin kuma ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasa sau ɗaya da rabi. Ku duba da kyau, duk ruɗewar da na gani a idon yaranmu a nan, kashi mafi yawa daga waɗannan take fitowa. Yaro ya san abin da yake so sarai. Hanyar ce bai sani ba, da ranakun da ƙofofi ke rufewa.

Ga abin da ke ba ni haushi kuma: masu nuna hanyar suna nan, kyauta, wasu ma da ƙafa za a je daga unguwarmu. Jami'ar Lyon 2 da ta Lyon 3 suna da tsoffin gine-ginensu a bakin kogin Rhône, minti kaɗan daga tashar metro ta Guillotière, kuma kowace jami'a tana da ofishin ba ɗalibai shawara kan zaɓen karatu da shiga aiki, ba a biyan ko sisi. Mai digiri yana iya zuwa APEC, su duba masa takardar neman aiki, su gwada masa ganawa. Matashi ɗan shekara 16 zuwa 25 da ya bar makaranta, Mission locale tasa ce, tun 1982 ake da su. Mai aiki ko mai neman aiki, dokar 5 ga Maris 2014 ta ba shi haƙƙin mai ba da shawara kyauta, abin da suke kira CEP, ana samunsa a France Travail (tsohuwar Pôle emploi ce, an sauya mata suna a Janairun 2024) da wasu cibiyoyi. 'Yan'uwanmu na Paris ma sun fi mu gata, don suna da Cité des métiers a La Villette tun 1993, ka shiga ba alƙawari, ba a tambayar sunanka, ka zauna da mai shawara. Gaskiya akwai layi, akwai jira, wani ma'aikacin kuma a gajiye za ka same shi. To, in na farko bai gamsar ba, a nemi na biyu, ai ba kuɗi aka kashe ba.

Wanda ya daɗe yana aiki a nan kuma yana son zama mai zurfi, akwai abin da doka ta tsara tun 1991, bilan de compétences, wato tantance abin da mutum ya iya da inda zai kai shi, awa 24 iyaka, a rarrabe cikin makonni. Yana da tsada, amma asusun horo na ma'aikaci, CPF, wanda ake zuba wa mai cikakken aiki Euro 500 a shekara har ya kai 5,000, yana iya ɗaukar nauyinsa ko wani sashe nasa. Daga Mayun 2024 aka ce mutum ya ƙara Euro 100 daga aljihunsa, kuma wannan kuɗin yana hawa. Duk wanda ya kira ka a waya yana maganar CPF ɗinka, kashe wayar, an haramta irin wannan talla tun Disambar 2022 saboda damfara da ta yi yawa.

Masu zuwa da takardun gida, kamar na Jami'ar Abdou Moumouni ko na Bayero, su fara da ENIC-NARIC, ofishin da ke auna takardar waje da matakan karatun Faransa. Amma likita da mai haɗa magani da ungozoma, tasu hanyar daban ce, da jarrabawarta, kuma doguwa ce. Babu kocin da zai gajarta ta.

Akwai wani kocin na kyauta da na fi tsoro ma, shi ne bakin titi. La Guillotière tun asali ƙofar baƙi ce. Shekaru aru-aru gadarta ce kaɗai ke haye Rhône zuwa cikin Lyon, kuma sai a 1852 aka haɗe unguwar da birnin. 'Yan Italiya sun sauka a nan, Armeniyawa sun sauka, sai 'yan Aljeriya, sai mutanen Asiya, sai mu. A dandalin Gabriel-Péri, wanda tsofaffi ke kira Place du Pont, maza sun daɗe suna tsayuwa ana musayar labari: ina ake ɗaukar aiki, wa ke da ɗaki. A shagunan aski da na kayan miya na unguwar ma haka. Ina son wannan zumunci, da shi da yawa suka sami kwanan farko da aikin farko. Sai dai shawarar takardu a nan takan tsufa. Wanda ya gyara nasa a 2010 zai rantse maka haka ake yi, alhali an sauya dokar baƙi sau da dama tun lokacin, har da ta Janairun 2024. A sha shayi da su, a ji labari, amma a je a tabbatar a ofis.

Mu Hausawa ai ba baƙin wannan aiki ba ne. Yaron da aka kai wa ubangida a kasuwar Maradi ko Kantin Kwari, shekaru yake yi ana kallonsa: ya iya lissafi? yana da haƙuri da mai saye? tafiya ta fi dacewa da shi ko zaman shago? Ranar da aka sallame shi da jari, sunan ubangidan ne a kansa, in ya faɗi an faɗi tare. Koci kuwa an biya shi tun kafin a ga sakamako. Na san ubangida ma yana da nasa aibin, sana'arsa kawai yake gani, kuma ba kowane yaro yake sallama a kan lokaci ba. Amma ma'aunin nan yana da amfani: mai ba ka shawara, me zai rasa in ta ɓaci? Shi ya sa nake ce wa yara su nemi wanda ya riga su shekara biyar a aikin da suke so, ɗan ƙasarmu ne ko ba ɗan ƙasarmu ba, su roƙe shi rabin awa. Yawanci ba sa ƙi.

Yanzu maganar da ta shafe ku, kuma Baba da Kawu ku gafarce ni. Wani sashe na ruɗewar nan daga gida ake aiko shi. An sayar da gona ko shanu an turo yaro, an ce likita ko injiniya, babu na uku. Yaro ya zo ya tarar kansa ba ya ɗaukar karatun, ko ya ga wata hanya da ta fi, misali digirin sana'a na shekara uku da ake samun aiki da shi, amma ba ya iya buɗe baki. Sai ya kwashi kuɗi ya kai wa baƙo don ya sami wanda zai saurare shi ba tare da an ce ya ba da kunya ba. Rabin abin da ake saye a wurin koci ke nan, kunne. Wannan kuwa kuna da shi. In ya kira ranar Juma'a, kafin a tambaye shi yaushe zai gama, a tambaye shi wane darasi ne yake jin daɗinsa, wanne ne ya gagare shi, a kuma bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

In bayan duk wannan yaro ya ce har yanzu yana son koci, ban hana ba. Ya tambayi mutumin inda ya yi horo, ya nemi farashin duka a rubuce kafin zama na farko, ya kuma gwada shi da tambaya ɗaya: in na sauya fanni, me zai sami katina? Wanda ya ce wannan ba fagensa ba ne, je ka tambayi masana, mai gaskiya ne, ana iya zama da shi. Wanda ya ce kada ka bar tsoro ya tare maka mafarki, a tashi a ba shi wuri.

Wanda ɗansa yake Lyon ko kewaye, ya ce masa ya neme ni, ranar Laraba da rana ba na aiki, zan raka shi ofishin farko. A gaida Inna da su Gwaggo, a gaida yara duka. Yaya, yajin nan da kika aiko ya kusa ƙarewa.

Wassalam, naku a kullum, daga La Guillotière.