Ina Direba Zai Ajiye Motarsa?

Babu yaron da ya tashi a Tudun Wadan Zariya wanda bai san tirela ba, watau doguwar motar nan mai kai daban, jiki daban. Kullum muna ganinsu a kan hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Kano, waɗansu kuwa su ratse su bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato. Su ke kawo mana siminti da gishiri da sukari da takin zamani da man fetur, su kuma kwashi masara da tumatir da shanu su kai Kudu. Tsawon guda ɗaya ya kan kai mita 15 ko fiye, ya fi tsawon ɗakin ajinku ke nan. Tirelar siminti ta kan ɗauki buhu 600, kowane buhu kilo 50. Ku yi lissafi a allunanku, za ku sami kilo 30,000, watau tan 30, ban da nauyin motar kanta.

Mai jan wannan mota magidanci ne kamar iyayenku. Wataƙila ma a cikin ajinku akwai ɗan direba. Daga Ikko zuwa Zariya ya fi kilomita 800, kuma in ya sauke kaya sai ya jira lodin wani, saboda haka ya kan yi mako biyu ko uku bai ga iyalinsa ba. Ran da ya sami hutun kwana biyu, sai ya yi ɗokin zuwa gida ya gai da mahaifiyarsa, ya ga 'ya'yansa, ya ci tuwon gidansa. To, a nan wata wahala ta ke, wadda mutane da yawa ba su kula da ita ba. Ina zai ajiye motar?

Mai keke ya kan jingine kekensa a zaure. Mai babur ma haka. Amma tirela ba ta shiga zaure, ba ta ko iya juyawa a yawancin layukanmu. An kafa Tudun Wada a farkon zamanin Turawa, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birni ba. Waɗanda suka yanka titunanta sun auna su ne da masu tafiya a ƙasa da jakuna da dawaki. Kaya masu nauyi kuwa jirgin ƙasa aka bar wa, gama an bi da hanyar dogo ta Zariya har ta kai Kano a 1911. A lokacin ba wanda ya yi zaton wata rana mota za ta ɗauki kayan jaki ɗari uku, ta zo ta nemi makwanci a cikin unguwa.

Idan direba ya matsa ya kai motarsa ƙofar gida, sai ta tare rabin hanya. Nauyinta ya karya kwalbati, ya rusa bakin lambatu, ruwan damina ya rasa mafita ya koma gidajen mutane. Samanta ya kan tsinke wayar lantarki. In aka ɗauko mara lafiya da dare, ko aka fito da gawa, sai a rasa ta inda za a wuce. Wanda ya taho a kan babur cikin duhu kuwa ba ya ganinta sai ya zo daf da ita. Abin ya fi muni in tankar mai ce, domin a unguwa ba a rasa murhu, ko mai suyar ƙosai a bakin hanya. Maƙwabta su yi fushi, kuma suna da gaskiya.

Idan kuma ya bar ta can bakin babbar hanya, to, ya bar wa ɓarayi. Su kan kwance batir, su zuƙe man gas, su yanke tamfol, wani lokaci har taya su cire. Motar kuwa galibi ba tasa ba ce, amana ce aka ba shi, abin da ya ɓace a wuyansa ya ke. Saboda haka sai ya bar yaron motarsa ya kwana a ciki, ko shi da kansa ya ci abinci a gida ya koma ya kwana a kan kujerar mota, sauro na cizonsa, kunnensa na kan kowane motsi. Mutum ya zo garinsu, amma bai kwana a ɗakinsa ba! Kashegari ya hau hanya da barci a idonsa, yana jan tan 30. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin gyangyaɗin direba na ƙiftawar ido ya isa ya hallaka mutanen da ke cikin bas guda.

Waɗansu sun ce maganin abin shi ne a ci su tara, a ja motocinsu. Lalle direban da ya sami wurin ajiyewa ya ƙi, don ƙyashin biyan kuɗi kaɗan, ya cancanci horo. Amma ba a cewa mutum ya tashi sai an nuna masa inda zai zauna. In an kore shi daga wannan layi, gobe a gan shi a wancan. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ya ga yadda tireloli suka saba yin jerin gwano a gefen titi a Mararraban Jos, haka kuma a Tafa a kan hanyar Abuja. Ba don son zaman bakin titi su ke yi ba.

Kakanninmu sun riga mu sanin maganin wannan. A zamanin da, fatake su kan tafi Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro, ayari guda da jakuna masu yawa, madugu na shugabantarsu. Ba su kan kutsa da dabbobinsu cikin lungunan gari ba. Kowane babban gari yana da zango a waje, inda akwai ruwa da ciyawa da masu sayad da abinci, da Sarkin Zango mai kula da baƙi da kayansu. Har yanzu sunayen na nan: Zangon Aya a kan hanyar Kaduna, da Zangon Katab, da Zangon Daura, har ma unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara zango a ke ce da su. Direban tirela shi ne falken yau. Mun karɓi goronsa, mun manta da zangonsa.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka doka ta hana direban babbar mota ya yi tuƙi fiye da awa 11 sai ya huta awa 10, amma wuraren tsayawa ba su ishe su ba. A 2009 wani ɗan fashi ya kashe wani direba wanda ya kwana a wani tsohon gidan mai da aka daina aiki da shi. Saboda wannan, a 2012 aka yi dokar da ta ba da damar kashe kuɗin gwamnati wajen ƙara wuraren ajiye manyan motoci.

A ganina, abin da ya kamata shi ne hukuma ta keɓe fili a wajen gari, kusa da babbar hanya, gama cikin Tudun Wada babu sauran fili. A daɓe shi da tsakuwa don kada motoci su kafe da damina, a kewaye shi, a sa fitilu da masu gadi da littafin rubuta lambar kowace mota. A haƙa rijiya, a yi makewayi da masallaci, a keɓe wa tankokin mai gefe guda nesa da wuta. Bakanike da mai faci da mai tuwo za su zo da kansu, ba sai an kira su ba. Kuɗin kwanan mota kuwa mai mota ya kamata ya biya, ba direba ba, tun da dukiyarsa a ke tsarewa, kuma kuɗin gadin kwana uku bai kai kuɗin batir ɗaya ba. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci su sa hannu wajen kula da wurin. Sa'an nan direba ya miƙa motarsa ga maigadi, ya hau babur mai ƙafa uku ya tafi gida da tsarabar yara. Bayan an yi wannan, wanda ya kawo tirela cikin unguwa ba shi da sauran hanzari.

Kafin a yi haka, ku ma kuna da naku aikin. Kada ku shiga ƙarƙashin tirela don neman inuwa ko wasan ɓuya, kada ku ɗare bayanta, kada kuma ku cire waigin da aka sa a gindin taya. Kujerar direba tana can sama ƙwarai, ba ya ganin yaron da ya tsaya daf da gaban motar ko a bayanta, ko da ya duba madubi. In ƙwallonku ya shige ƙarƙashinta, ku kira babba ya ciro muku.