Kafin ka saya wa dokinka ƙwallo, kwance shi daga turke

A 'yan shekarun nan kiwon doki ya dawo hannun matasa. Da can doki na masu sarauta ne da manyan attajirai. Yanzu a Kano da Zariya da Katsina sai ka ga ɗan kasuwar da bai wuce shekara talatin ba ya ɗaure ingarma a bayan gida, ya fito kilisa da yammacin Lahadi, in abokinsa zai angwance ya yi masa hawa. Abin yana faranta mini rai, domin a gidan dawaki na tashi, kuma ba na so al'adar ta tsaya a ranakun Sallah kaɗai.

Sai dai wani yayin ya biyo bayan wannan. Matasan suna gani a Facebook da TikTok yadda Turawa ke saya wa dawakansu kayan wasa, su ma suna cigiyar inda za su samu. Ɗan ƙanina, wanda akawalinsa ya kusa cinye turkensa da gwaguya, ya nuna mini hoton wata ƙatuwar ƙwallon roba a wayarsa, ya ce, "Baffa, in na saya masa wannan zai daina?" Na ce masa ba zai daina ba. Dalilin da na ba shi shi ne nake so in faɗa wa duk mai doki.

Kayan wasan nan iri-iri ne. Akwai Jolly Ball ta Amurka, ƙwallo mai mariƙi da doki zai kama da haƙori ya wurgar, wadda cizo ba ya sace mata iska. Akwai Likit na Birtaniya, dunƙulen zaƙi da ake ratayewa doki ya yi ta lasa. Akwai ƙwallo mai huji da ake zuba abinci a ciki, doki yana tura ta da hanci ƙwayoyi suna zubowa ɗaya-ɗaya. Akwai madubin da ba ya fashewa, akwai ragar ciyawa mai ƙananan idanu. Mai kallo daga nesa zai ɗauka gata ne ya yi wa dokin Bature yawa. A gaskiya larura ce ta haifar da su. Turawa sun kulle dawakansu a ɗakuna, wasu kusan yini da kwana, suka ga dabbobin suna lalacewa a gabansu, shi ne suka shiga neman abin da zai rage ɓarnar.

Allah ya halicci doki dabbar fili ce mai tafiya cikin garke. In ka sake shi a makiyaya yakan shafe sa'a 14 zuwa 16 kullum kansa a ƙasa, yana tsinkar ciyawa yana taku kaɗan-kaɗan. Tumbinsa ƙarami ne in aka dubi girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma ba ya daina fitar da ruwan tsamin da ke narkar da abinci, da abinci a ciki ko babu. Yawun da ke kashe kaifin wannan ruwa kuwa ba ya zuwa sai doki yana tauna. Saboda haka dokin da ya daɗe bakinsa a banza, cikinsa na cin kansa ne. Likitocin dabbobi da suka zura kyamara a tumbin dawakan tsere sun sha samun gyambon ciki a 8 ko 9 cikin kowane 10 da ake horarwa.

Mu dubi namu yanzu. Da safe a zuba masa dawa ko gero da dusa, ya share cikin rabin sa'a. A jefa masa ɗan ƙunshin harawa, kafin hantsi ya gama. Daga nan sai tsayuwa, ragama a kai, igiya a ƙafa, bango a gaba, har la'asar. Wani dokin ba ya ganin waje sai ranar kilisa, wani ma sai Sallah ta matso a fara neman ya yi ƙiba ya yi sheƙi, a ƙara masa hatsi. Duk wanda ya zauna a barga ya san abin da ke biyowa. Wani zai kafa haƙoransa a itace ya lanƙwasa wuya yana haɗiyar iska da gurnani. Wani zai yi ta rangaji hagu da dama kamar mai jin kiɗa. Wani ya tona rami da kofato a gindin turke, wani ya yi ta zagaye har igiya ta naɗe. Mukan ce mugun hali ne, a sa bulala, wasu ma su ce iska ce ta taɓa shi, a nemo turare. An bar jaki ana dukan taiki. Ba a ganin waɗannan ɗabi'u a dawakan da ke yawo sake a daji.

An yi bincike a kan wannan tun da daɗewa. A 1995 Paul McGreevy da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol sun bi bargogin dawakan tsere a Birtaniya, suka gano cewa irin waɗannan ɗabi'u sun fi yawa inda ake ba doki ciyawar da ba ta kai kilo 6.8 a rana ba, da kuma inda aka gina ɗakunan yadda doki ba ya samun cuɗanya da maƙwabcinsa. A 2002 wasu masana a Lincoln ta Ingila suka kafa wa dawakai masu rangaji madubi, rangajin ya ragu ƙwarai. Masu tallan madubi suna son wannan labari. Ni abin da na gani a cikinsa daban ne, kuma yana ba ni tausayi: dabbar ta natsu ne don ta ga kamannin ɗan'uwanta. Waɗannan masanan sun riga sun nuna cewa buɗe taga tsakanin doki da doki ma yana rage rangajin. In inuwar doki ta yi wannan aiki, me zai hana a ba shi doki na gaske?

Ƙwallon kuma fa? Gwaje-gwajen da aka yi a Norwe da Beljiyam sun nuna abin da duk mai kiwo zai iya hasashe. Abin wasan da ba a ci, doki yakan shinshina shi, ya ɗan taɓa, daga nan ya rabu da shi. Wanda ke riƙe hankalinsa shi ne mai abinci: tattaka, rassan itace, ƙwallo mai zubo da ƙwaya. Dukushi yakan yi wasa don wasa, haka wasu ingarmu masu jini a jika, amma babban doki tauna yake nema, da tafiya, da abokin zama.

Ƙasar Suwizalan ta mayar da wannan doka tun 2008. A can ba a yarda a ajiye doki a ɗaure ba, dole ne ya riƙa gani da ji da shinshinar wani doki, kuma ko wanda ake hawa sai an sake shi ya yi yawon kansa aƙalla kwana biyu a mako, sa'a biyu kowane karo. Ba ina cewa mu kwafo dokarsu ba ne. Mu da aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ai ba sai wani ya zo daga Turai ya gaya mana cewa dabbar da ke hannunmu amana ce ba.

Na san abin da masu barga za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Dawakanmu na hawa kusan duk ingarmu ne, ba mu saba fiɗiye su ba, in ka haɗa biyu a fili ɗaya sai an kwashi ɗaya. Ga shi gidajen birni babu sarari. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa kowa ya saki ingarmu biyu a tsakar gida ba. Amma ko wannan ba a rufe ƙofarsa ba. A gidan kiwon dawaki na gwamnatin Suwizalan da ke Avenches an gwada sakin ingarmu tare a babbar makiyaya, nesa da goɗiyoyi, bayan lokacin barbara ya wuce, kuma faɗan ya lafa cikin 'yan kwanaki. Wannan aikin ƙwararru ne masu faffaɗan fili. Abin da ke hannun kowa ya fi haka sauƙi: a ɗaure su inda za su ga juna, a rage tsawon katangar da ke tsakaninsu, a keɓe ɗan fili a riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da doki ɗaya tak ya ajiye akuya ko jaki kusa da shi. Masu dawakan tsere a ƙasashe da dama sun daɗe suna haka.

Tsofaffin masu kula da barga sun san rabin wannan ilimin ba tare da sun karanta shi ba. A gidanmu ba a dawowa daga kilisa a wuce da doki turke kai tsaye. Sai an sauke sirdi, an kai shi kan rairayi ya yi birgima, ya juya wannan gefe ya juya wancan, ya miƙe ya kakkaɓe jiki. Da damina yara ke fita yankan ɗanyar ciyawa, ba a barin gabansa ya bushe. Akwai kantun gishirin Bilma a gefe yana lasa in ya ga dama, ana jiƙa masa kanwa lokaci-lokaci, ana zama a goge shi a sosa masa gindin wuya, wurin da dawakai ke sosa wa junansu da haƙori. Duk wannan ya fi Likit, wanda mafi yawansa sukari ne. Abin da ya ɓace mana shi ne lokaci da hannaye. Yaran da ke yankan ciyawa sun tafi makaranta ko kasuwa, makiyayar bayan gari ta zama filoti, mai dokin kuma yana shago daga safe har dare.

A nan ne kayan wasa ke da gurbi, gurbin cike giɓi. Wanda na fi yarda da shi duka shi ne ragar ciyawa mai ƙananan idanu, domin harawar da doki zai cinye cikin sa'a ɗaya sai ta kai shi sa'o'i yana zara. Duk mai saƙar raga zai iya yin ta. A rataye ta yadda kofato ba zai shiga ba. Na biyu shi ne jarka mai tsabta da aka huda, aka zuba ɗan hatsi, ya yi ta turawa. Amma kada a kusanci wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, kuma kada a sa ta a kan yashi, don yashin da doki ke haɗiya yana taruwa a hanji ya kawo murɗawar ciki. A raba ciyawar wuri biyu ko uku, a haɗa harawar wake da ta gyaɗa da busasshiyar ciyawa don ya riƙa zaɓe. A kafa tsohon buroshi mai tauri a jikin ginshiƙi ya sosa kansa. A tsince leda da guntayen igiya daga barga kullum, domin dokin da ya gaji da zaman banza komai ya samu tauna shi yake.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum, wato mai kilo 350 zai ci kilo 5 zuwa 7. Kuɗin da za ka biya a kawo maka ƙwallo daga waje, in ka kai shi ƙauye da kaka, dammunan harawa zai saya maka kafin bazara ta ninka farashinta.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, muka yi murna, kuma mun cancanci murnar. Hawan Daushe da Hawan Nassarawa kwanaki ne kaɗan a shekara. Sauran kwanakin dokin da ya ɗauki wannan ado a turke yake yin su. Ina kira ga masu martaba da shamakansu da hakimai da ƙungiyoyin folo, waɗanda su ake koyi da su, da su keɓe filin sakin dawakai a kowace barga, kuma kowace unguwar da ke da masu kilisa ta haɗu ta nemi nata. Kai kuma ɗana mai doki ɗaya a bayan gida, ka cika gabansa da ciyawa, ka samar masa abokin zama, ka kwance shi ko na sa'a ɗaya ne kullum. In ka yi waɗannan kuɗi ya ragu, saya masa ƙwallon.