Ajiyar Albasar Iri

Ya kai mai lambu a Babban Duhu, da ku dagatan ƙasar Safana da Batsari, ga shawara.

Kowace bazara albasa takan cika kasuwa, ta yi araha, ka sayar da ita duka. Kaka ta yi, ka shiga neman iri a hannun wanda ba ka san lambunsa ba. Lalle wannan hasara ce, gama albasa ba ta ba da iri nagari sai daga wadda aka ajiye, aka sake dasawa da sanyin hunturu.

In rabin lawashi ya kwanta, ka daina ban ruwa kamar kwana 10, sa'an nan ka tone. Ka shanya a inuwa mai iska mako 2, har wuya ya bushe sarai. Mai kaurin wuya da wadda fartanya ta sara, ka ci ko ka sayar, domin ta nan ruɓa ke shiga. Sauran ka shimfiɗa bisa gadon kara ƙarƙashin jinka, nesa da damshin ƙasa, yadda manoman Galmi ke yi. Kada ka ɗura a buhu. Da damina ka riƙa dubawa kowane mako, ka fid da ruɓaɓɓiya, gama wake ɗaya ke ɓata gari.

Watakila ka ce bukatar kuɗi ta matsa. Gaskiya ne. To, sayar da mafi yawa, amma ka keɓe mafi kyau. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma halin uwarta takan yi.