Kuɗin Motsa Jiki: Na Wata Ya Fi Na Rana

Da zarar gero ya shiga rumbu, manomin Lambara da ba ya noman rani sai ya zauna. Zaman nan yana da illa, domin juriyar da zuciya da tsoka suka samu a gona takan fara raguwa cikin 'yan makonni. A shawararta ta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Saboda haka malamin wasanni ko tsohon ɗan kokawa da ya tara jama'a yana horar da su ya cancanci ladansa. Sai dai ya karɓi kuɗin wata. Mai biya kullum, ran da aljihu ya bushe ba zai zo ba, alhali jiki maimaici yake so. Kada rukuni ya wuce mutum goma, don idon malami ya kai ga wanda haki ya ci ƙarfinsa.

A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, gumi kuma yana iya kai lita ɗaya a awa. To, a fito bayan sallar asuba, a kuma sa kuɗin ruwan sha cikin lissafi.